Babi na Shida: Bawan da Aka Kira Mai Nasara

A yawancin majami'unmu na Arewa, ECWA ce ko Baptis ko HEKAN, akwai lokacin da mai jan sujada yakan ɗaga kai ya tambaya ko akwai mai shaida. Sai a yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗansa ya sami gurbi a jami'a, waccan ta haihu bayan dogon jira, wancan an ƙara masa girma a wurin aiki, wani kuma motarsu ta ƙwace a gangaren hanyar Jos amma kowa ya fito ba ko ƙwarzane. Zumuntar mata ta ɗauki waƙa, a kaɗa tulu da caki, a raka mai shaida da rawa har gaban kwanon baiko. Ba ni da ta cewa a kan wannan. Wanda aka yi wa alheri ya yi gum, butulu ne. Yesu da kansa ya tambayi inda kutare tara suka shiga, ranar da ya warkar da goma, guda ɗaya kaɗai ya komo yin godiya.

Sai dai kunne yana koyon har abin da ba a faɗa ba. Yaron da ya tashi yana jin irin waɗannan shaidu kowace Lahadi, kafin ya kai munzali ya riga ya haddace wani darasi da ba fastonsa ne ya koya masa ba: in Allah yana tare da kai za a gani a jikinka, a aljihunka, a ƙofar gidanka. Daga nan kuwa juya maganar ba wuya. Wanda ba a gani a jikinsa ba, akwai wata a ƙasa. Ko bangaskiyarsa ce ta gaza, ko yana ɓoye zunubi, ko an yi masa jifa daga ƙauye. Da wannan lissafin abokan Ayuba uku suka zo masa jaje, suka yi ta zuba magana sura bayan sura, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba, har sai da Ayuban da suke zargi ya roƙa musu gafara.

Littafin Farawa ya yi wani abu a sura ta 39 wanda ya isa ya tsayar da mai karatu. A nan ne aka fara kiran Yusufu mutum mai nasara. To, duba halin da yake ciki a lokacin. Yana ɗan shekara 17 yayyensa suka tuɓe masa riga a Dotan, suka jefa shi rijiya, suka sake shawara suka sayar da shi ga fatake a kan azurfa 20. A Masar Fotifar, shugaban matsaran Fir'auna, ya saye shi. Ba shi da albashi, ba shi da dangi, ba harshen gidansu ake yi a garin ba, tsohonsa yana can Kan'ana yana makokinsa a kan ya mutu. Ko jikinsa ba nasa ba ne. Mu 'yan wannan ƙasa ba sai an yi mana dogon bayani a kan bauta ba, don tsofaffinmu sun ji daga bakin nasu kakannin yadda ake buɗe bakin mutum a kasuwa a duba haƙoransa kafin a yi tayi. Irin wannan mutumin ne Littafi ya kira mai nasara, kuma dalili ɗaya tak ya bayar, wato Ubangiji yana tare da shi. Sau huɗu aka faɗi haka a surar, biyu a gidan Fotifar, biyu a kurkuku.

Abin da ya kai shi kurkukun shi ne ya fi dacewa da zamaninmu. Ba laifi ya yi ba, ƙin yin laifi ya yi. Matar maigidansa ta matsa masa kullum, ya ƙi, ya ce ba zai ci amanar maigida ya yi wa Allah zunubi ba, ya bar mata rigarsa ya ruga. Da ya ba da kai, da ya zauna daram a kan muƙaminsa na wakilin gida, wataƙila har da ƙari. Ya zaɓi gaskiya, gaskiyar ta kai shi ɗaki mai duhu. Ma'ajin ƙaramar hukuma da ya ƙi sa hannu a takardar biyan kuɗin kwangilar da ba a yi ba, aka wayi gari an tura shi wani lungu inda ko teburi babu, ya san wannan sura ko bai taɓa karanta ta ba. Haka ɗalibar da ta ƙi zuwa inda malami ya ce ta same shi da dare, ta maimaita darasin shekara guda. Haka malamin sakandare da ya ƙi rubuta amsa a allo ranar jarrabawa, iyayen yara suka bi shi da harara har cikin majami'a. Ba wanda zai raka waɗannan da rawa, amma bisa ma'aunin Farawa 39 su ne masu nasara, kuma tun yanzu, ba sai wani abu ya biyo baya ba.

Na san abin da mai karatu zai ce: ai Yusufu ya zama wazirin Masar. Gaskiya ne, yana ɗan shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Amma mun cika saurin tsallakewa zuwa sura ta 41, kamar shekaru 13 ɗin da ke tsakani ɗakin jira ne kawai. Mu mun san ƙarshen labarin, shi bai sani ba. Mai shayarwar sarki da ya fassara wa mafarki ya fita ya manta da shi shekara biyu cur. Kuma akwai wani da ya shiga kurkuku a kan gaskiya bai fito da ƙafarsa ba. Yohanna Mai Baftisma ya gaya wa Hirudus bai halatta ya zauna da matar ɗan'uwansa ba, aka ɗaure shi, aka fille kansa a daren bikin haihuwar sarki don a cika wa 'yar rawa alkawari. Shi ne kuwa Yesu ya shaida cewa mata ba su haifi wanda ya fi shi ba. In ƙarshen labari a nan duniya ne ma'auni, sai mu ce Yusufu ya ci, Yohanna ya faɗi. Ba Kiristan da zai iya furta haka.

Ba sai mun tsaya a Masar da Yahudiya ba, muna da namu misalin a ƙasar Zazzau. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas daga jirgin ruwa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Ƙungiyoyin mishan da suka nema sun ƙi ɗaukar nauyinsu, suka taho da ɗan abin da suka tara, da nufin kai bishara cikin ƙasar da Turawa suke kira Sudan a wancan zamani, wato wannan shimfiɗar da ƙasar Hausa take tsakiyarta. Tun a Legas wani babban ɗan mishan ya gaya musu ba za su ga ƙasar ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya bakin teku yana aika musu kaya. Sauran biyun suka nausa. Gowans ya mutu a Girku a watan Nuwamba na 1894, Kent ya bi shi a Bida cikin Disamba. Ba su yi wa kowa baftisma ba, ba su kafa ko rumfa da sunan majami'a ba. Bingham ya koma Kanada a 1895 da kayan mamata. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi gida. Sai a 1902 wata ƙungiyar da ya shirya ta sami wurin zama a Patigi, bakin Kwara.

Girkun nan dai ta sake cin wani. A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci 'yan mishan na Angalika har birnin Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka komo suka yada zango a Girku, a nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya cika. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda daga baya ya zauna Zariya, ya kuma sa hannu sosai a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

A bukukuwan tunawa an saba naɗe labarin da cewa: ga shi yanzu, daga aikin samarin nan uku ƙungiyar mishan ta SIM ta tsiro, daga SIM aka sami ECWA a 1954, ga miliyoyin masu bi, ga asibitin Galmi a Nijar, ga Jami'ar Bingham a Karu. Duk gaskiya ne, kuma abin godiya ne. Amma ina jin tsoron wannan naɗin, don yana komar da mu kan tsohon lissafi ta bayan gida. Ma'anarsa ita ce mutuwar Gowans ta yi daraja ne domin ta haifi riba. To, da Bingham ya mutu a zuwansa na biyu, aikin ya watse, ba wanda ya ƙara jin sunan, sai mu ce Gowans ya yi asarar ransa? Mahaifiyarsa ba ta jira ta ga ECWA ba kafin ta yanke hukunci. Da Bingham ya kai mata kayan ɗanta, ta gaya masa ta gwammace ɗan nata ya tafi ya mutu can shi kaɗai, da ya zauna gida lafiya yana saɓa wa Ubangijinsa. A ranar da ta faɗi haka ba komai a ƙasa sai kaburbura biyu. Tsohuwar ta fi mu fahimtar Farawa 39.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da matasa suka fi yi a taron nazarin Littafi: yaya zan san nufin Allah? Yawanci abin da mai tambayar yake so shi ne a tabbatar masa hanyar da zai bi ba ta da gargada. Ayyukan Manzanni sura ta 16 ba ta ba da wannan tabbacin. Bulus da Sila da Timoti sun nufi yin wa'azi a Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana su. Suka juya za su Bitiniya, nan ma aka rufe. Luka bai ma gaya mana yadda aka hana su ba. Suka yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare musu a Taruwasa, gabansu sai teku. A nan Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙo su ƙetaro su taimake su. Suka ƙetara zuwa Filibi. Ba su tarar da taro yana jiransu ba, sai waɗansu mata masu addu'a a bakin kogi, cikinsu har da Lidiya mai sayar da tufafin shunayya. Ba a daɗe ba aka tuɓe Bulus da Sila a bainar jama'a, aka zane su da sanduna, aka sa ƙafafunsu a turu. Wanda yake auna jagorar Allah da sauƙin hanya, a daren nan zai ce wahayin ƙarya ne. Alhali ikilisiyar da ta fito daga wannan dukan ita ce daga baya ta riƙa aika wa Bulus gudummawa lokacin da wasu suka manta da shi.

Wanda ya taɓa lura da makaho da ɗan jagoransa a kasuwa ya ga yadda abin yake. Ba a karanta wa makaho hanyar duka tun daga gida. Yana riƙe da ƙarshen sanda, in an ja ya bi, in an tsaya ya tsaya, ko bai san kwata ce a gaba ko mota ba. Abin da yake bukatar sani guda ne: wane ne yake riƙe da ɗaya ƙarshen, kuma yana ƙaunarsa ko kuwa?

Mafi yawan jagorar Allah ba ma ɓoyayya ba ce. An riga an rubuta ta. Kada ka yi ƙarya, kada ka karɓi toshiyar baki, kada lebura ya kwana yana bin ka hakkinsa, ka riƙe matarka da amana, ka kula da gwauruwa da maraya. Mutum yakan yi azumin kwana uku yana neman Allah ya nuna masa ko Abuja zai tafi ko Legas, alhali bashin maƙwabcinsa da ya danne ba ya bukatar wahayi. Inda Littafi bai yanke ba, akwai addu'a, akwai hankalin da Allah ya ba mu, akwai shawarar dattawa waɗanda suka san mu tun muna yara kuma ba sa jin nauyin gaya mana abin da ba ma so. Akwai kuma ƙofar da ta rufu, wadda sau da yawa amsa ce, ba aikin maƙiya ba.

Rashin haƙuri da wannan sannu-sannun ne ya buɗe wa wasu kasuwa. Ga kwalbar mai, ga ruwan albarka, ga hankici, ga ambulan na shuka iri mai farashi hawa-hawa, kowane da irin buɗin da zai kawo. Kakanninmu da suka karɓi bishara sun ƙona layu da guraye a gaban jama'a, ga jikokinsu suna layi wurin boka da ya sake riga ya riƙe Littafi. Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga Na'aman bayan ya warke, baransa Gehazi ya bi bayan karusa ya karɓa, ya kwashi kuturtar tare da kayan. Bitrus kuma ya fatattaki Siman na Samariya da ya ciro kuɗi zai sayi baiwar Allah. Ba a yi sabon hukunci a kan wannan ciniki ba tun daga lokacin.

Akwai ayar da ake yawan mannawa a bayan mota da bangon shago, Irmiya 29:11, inda Allah yake maganar kyakkyawan shirin da yake da shi domin mutanensa. Aya ce mai daɗi, amma kaɗan ne suke karanta wasiƙar da take ciki. Irmiya ya rubuta ta ne ga waɗanda aka kwashe bauta zuwa Babila. A surar da ta gabace ta wani annabi mai suna Hananiya ya yi shelar cewa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila kowa ya koma gida, kuma ba shakka shi jama'a suka fi so su ji. Irmiya ya ce a'a, shekara 70 ce. Ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da ya cinye su da yaƙi, su yi masa addu'a. Yawancin manyan da suka saurari wasiƙar a Babila aka binne su. Shirin alherin gaskiya ne, amma ya fi tsawon ran mutum ɗaya. Hananiya kuwa bai ga ƙarshen wannan shekarar ba.

Maganar kariya ta fi zafi, don a Arewa ba a littafi muke karanta ta ba. A ranar 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkiɗa, daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta samo asali. Ikilisiya ce da aka san ta da koyarwar zaman lafiya da ƙin ramuwa. Ita ce kuma ta fi kowace shan wuya a hannun Boko Haram. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014 'ya'yanta ne. A watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi gudun hijira. A farkon Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, fastonta kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika. A hoton bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar ya yi magana a natse, ya ce bai karaya ba domin kowane hali mutum ya shiga yana hannun Allah, in ya sake ganin iyalinsa to, in kuma bai gan su ba nufin Allah ke nan. Dubban masu bi sun yi azumi da addu'a dominsa. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Leah Sharibu tana 'yar shekara 14 aka kwashe ta tare da 'yan makarantarsu a Dapchi a watan Fabrairu na 2018. Bayan wata guda aka dawo da sauran da suke raye, aka riƙe ta, kuma 'yan'uwanta ɗalibai suka ce don ta ƙi barin bangaskiyarta ne. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun binne nasu da yawa a wannan fitina, har da limamai da malaman da suka ƙi bin ɓata.

Duk koyarwar da ba za a iya faɗarta a gaban matar Andimi ko mahaifiyar Leah ba, bai kamata a faɗe ta a kan bagade ba. Wa zai dube su ya ce bangaskiya ce ta yi kaɗan?

Littafi bai ɓoye wannan ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 12 wani Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan manzo Yohanna da takobi, ya kama Bitrus zai yi masa haka, mala'ika ya fitar da shi da dare. Sarki ɗaya, birni ɗaya, ikilisiya ɗaya, manzanni biyu daga cikin ukun da suka fi kusa da Yesu. Ba a gaya mana dalilin bambancin ba. Ibraniyawa sura ta 11 ta jera waɗanda suka kuɓuta daga kaifin takobi ta wurin bangaskiya, 'yan ayoyi kaɗan a gaba ta jera waɗanda takobin ya ci, ta ce duka bangaskiyarsu ta sami shaida. Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Wannan ƙarin shi ne ƙashin bayan maganar, kuma kafin su san yadda za ta kaya suka faɗe shi.

Zabura ta 91 kuwa, wadda wasu suke buɗewa su tura ƙarƙashin matashin kai ko su ajiye gaban mota, yana da kyau a tuna wanda ya fara mayar da ita laya. Iblis ne, a kan ƙololuwar Haikali, da ya ce wa Yesu ya diro tunda an yi alkawarin mala'iku za su tallafe shi. Yesu ya ƙi, ya ce ba a gwada Allah. Zaburar gaskiya ce, kuma masu bi da yawa sun ga cikarta da idonsu. Amma alkawari ne na Uba ga ɗa, ba makami ba ne da ɗa zai ɗora wa Uba a wuya.

To me ake karewa, in ana iya kashe mai bi? A Luka sura ta 21 Yesu ya gaya wa almajiransa za a kashe waɗansunsu, nan take kuma ya ce ko gashin kansu ɗaya ba zai hallaka ba. Maganganun biyu ba za su zauna tare ba sai in akwai tashin matattu. A nan ne ra'ayin Kirista game da nasara ya rabu da na littattafan koyar da dabarun arziki. Wanda muke bi, a yammacin Juma'ar da aka gicciye shi, ba shi da gida, an raba tufafinsa da kuri'a, ma'ajinsa ya sayar da shi, babban almajirinsa ya yi rantsuwa bai san shi ba, kabarin ma na aro ne. Kowane ma'aunin duniya faɗuwa ya nuna. Safiyar Lahadi ce ta bayyana abin da ya faru a zahiri. Shi ya sa Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa in begenmu ga Almasihu na wannan rai ne kaɗai, mun fi kowa zama abin tausayi. Abin da Allah ya ɗauki alkawarin tsarewa ba ya hannun mai bindiga.

Kada wani ya ɗauka ina wa'azin talauci ko naɗe hannu. Talauci ba tsarki ba ne, yunwa ba ta kai kowa sama. Ibrahim mai dukiya ne, Lidiya 'yar kasuwa ce, kuma Agur a Karin Magana sura ta 30 ya roƙa kada a ba shi talauci kada kuma a ba shi dukiyar da za ta sa ya manta da Mai bayarwa. Allah yana karewa, sau da yawa ta hanyar da ba ta da ƙyalli. Mace-macen 'yan mishan na farko sun ragu ne sa'ad da aka gane sauro ke kawo zazzaɓi, aka kuma dage da shan kwinin kullum. Andrew Stirrett, mai haɗa magani daga Toronto wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani, yana cikin waɗanda suka nace a kan haka. Bingham kansa, da ya sha jinya ya kuma rasa abokai, daga baya ya rubuta littafi yana tsawata wa masu koyar da cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Wani lokaci kuma kariyar takan zo ta hannun da ba a zata ba. A watan Yuni na 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar, dattijo mai shekara sama da 80, ya ɓoye fiye da mutum 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Waɗanda suka yi kuka ga Allah a ranar, ta wannan tsohon aka amsa musu.

Mutum biyu a Tsohon Alkawari sun yi tafiya iri ɗaya daga ƙasar bauta zuwa Urushalima a zamanin sarki Artashate, kowa da yadda ya yi. Nehemiya ya roƙi takardun izini, ya tafi da hafsoshi da mahayan dawakai da sarki ya haɗa shi da su, ya kuma ce hannun Allah ne a kansa. Da abokan gaba suka yi barazana lokacin ginin garu, ya yi addu'a ya kuma sa 'yan tsaro dare da rana. Ezra kuwa ya ji kunyar roƙon sojoji, don ya riga ya gaya wa sarki cewa Allah yana kiyaye masu nemansa. Ya tara jama'a a bakin kogin Ahawa suka yi azumi, suka kama hanya da mata da yara ba rakiya. Littafi bai yaba ɗaya ya kushe ɗaya ba. Majami'ar da ta sa matasa binciken jaka a ƙofa ba ta kasa bangaskiya ba, mai bisharar da ya zaɓi zama a ƙauyen da kowa ya gudu shi ma ba wawa ba ne, muddin kowannensu ya san gaban wa ya yanke shawararsa.

Akwai wani abu da Ezra ya yi wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Ayarin yana ɗauke da dukiyar Haikali, azurfa talanti 650 da zinariya talanti 100, ban da kwanoni da tasoshi. Mutumin da ya ƙi neman soja ko ɗaya don ya dogara ga Allah, bai ce a zuba kayan a buhu Allah zai tsare ba. Ya ware mutum 12 daga manyan firistoci, ya auna komai a gabansu, ya danƙa musu a hannu, ya ce su tsare har su auna shi a gaban shugabanni a Urushalima. Tafiyar gaba ɗaya ta ci wata huɗu. Da suka isa suka huta kwana uku, a rana ta huɗu aka kawo ma'auni cikin Haikali, aka sake auna azurfa da zinariya ɗaya bayan ɗaya, aka ƙirga, aka rubuta nauyin a takarda. Kwamitin kuɗi na kowace ikilisiya zai amfana da karanta Ezra sura ta 8 kafin taron ƙarshen shekara, musamman inda aka saba amsa tambayar ina rasit da cewa a bar wa Allah.